Daddawar Da Ta Kusa Hana Ni Satifiket

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta ranar da malamarmu ta shinshina farantina a Kuala Lumpur.

Karatun maigidana ne ya kai mu, muna zaune a unguwar Cheras. Da zaman gida ya ishe ni, sai na shiga wata kwalejin koyon sana'a, inda ake horar da ma'aikatan ɗakin gwaji domin kamfanonin magani. Burina in koma Kano da satifiket a hannu, ba da labarin dogayen benaye kawai ba.

Komai ya tafi daidai sai darasi guda. Za a ba ka ɗan faranti mai murfi, ka zuba abincin ƙwayoyin cuta a ciki ba tare da ko ƙwaya ɗaya ta faɗa ba. Idan aka kwana biyu, tilas a same shi fes. Na kowa fes, nawa kuwa kullum da wani farin abu ya baje kamar an watsa koko. Na wanke hannu har ya yi kaushi, na sa safar hannu, na fesa sinadarin kashe ƙwayoyi, duk a banza. Ni da nake tinƙaho da tsabta! Aka ce wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshe a wannan darasi, babu satifiket. Wallahi na tsorata, har kuka na yi a jirgin ƙasa.

Maigidana ya ce, "Relax mana, Hajiya. Ƙila ƙwayoyin ne suke son ki."

"Ka bari, don Allah," na ce. "Ba na cikin yanayin wasa."

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, malamar, wata dattijuwa 'yar Malaysia marar yawan magana, ta ɗaga farantina ta daɗe tana kallo. Da ta buɗe don ta ɗibi kaɗan ta duba, sai ta tsaya, ta ɗan motsa hanci. Na ce a raina yau kora ce.

"Wannan ba daga fata yake ba," ta ce. "Me kike tsimawa a gida? Wake?"

Nan take na tuna da daddawata. Tun zuwanmu na rasa kalwa, don haka nake sayo waken suya a kasuwar Chow Kit in yi daddawa da kaina, har matan 'yan'uwanmu ɗalibai suna aiko mini da robobinsu. A baranda nake rufe ta har ta yi yauƙi, a nan kuma nake shanya hijabaina da farar rigar aiki.

Da na yi mata bayani, sai ta fashe da dariyar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce ƙwayar da ke nuna daddawa takan shige wani ɓawo mai tauri, sinadarin da muke fesawa ba ya kashe ta, kuma tufafina ne ke ɗauko ta.

"Hannunki ƙalau yake, lah," ta ce da irin salon maganar mutanen ƙasarsu. "Miyarki ce matsalar."

Na sauke wata ajiyar zuciya, na zauna a kujera.

A ranar na rabar da daddawar kaf, na wanke baranda, na tafasa tufafina. Maigidana ya sha miyar kuka salam har aka gama jarrabawar, yana ta ƙorafin cewa ilimi ya shigo masa tukunya. Ranar duba sakamako malamar ta ɗaga farantina sama, haske ya ratsa shi, babu ko ɗigo. Alhamdulillahi kawai nake ta maimaitawa.

Yanzu ni ma nake koya wa sabbin ma'aikata wannan aiki. Idan farantin wata ya yi ta lalacewa, ba na yi mata tsawa, domin na san yadda mutum ke fara tsanar hannunsa alhali ba shi da laifi. Kafin ka yanke wa mutum hukuncin bai iya ba, zauna ka tambaye shi daga ina ya fito da safe.