Turaku Huɗu a Gonar Inna

Yayana shekara ashirin da shida ya yi a kan katafila, a kamfanin da ke haƙar dutsen siminti a bayan garinmu. Abokan aikinsa Kunkuru suke ce masa, don kowa zai gama ya kashe inji ya wanke hannu, shi yana can yana lallaɓa ƙasa. Sunan bai taɓa damunsa ba. Ni yake ci wa rai, ni ƙanwarsa mai ɗinki, da ba na iya ganin an raina nawa in yi shiru. Mutum ne ɗan firit, kunnensa na hagu ƙarar inji ta kashe shi, kuma in ya fara zancen ƙasa sai ka nemi wurin zama.

A bakinsa na haddace dokar ƙaramar hukumarmu ta gyaran fili bayan haƙa. Kafin a fasa rami, a kankare baƙar ƙasar sama, wadda shuka ke ci, a tara ta gefe guda. In an gama kwasar dutse, a cike ramin da tsakuwa da jar ƙasa, sannan a shimfiɗa baƙar a sama, ita ce ta ƙarshe. Jami'in hukuma ya zo ya ɗebi ƙasa a gindin turaku huɗu da ke kusurwoyin filin ya duba, mai gona ya sa hannu, kamfani ya kama gabansa. A takarda kam dokar ba ta da aibu ko kaɗan.

Da haƙa ta iso gonar Inna, mahaifiyarmu, cewa ta yi ba ta san zancen ba. Ita da marigayi Baba sun yi shekara talatin suna zuba wa gonar nan taki, da masararta aka raine mu. Yaya ne ya dinga zarya ɗakinta. Ya ce aro ne na shekara shida, shi da hannunsa zai kankare ƙasar, shi kuma zai mayar. Ni ma na sa baki, Allah ya yafe mini. Inna ta yarda ne don ɗanta ke kan injin, ba don takardar kowa ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana kankara, aikin da wani zai yi a kwana uku. Ya tara baƙar ƙasar tsibi guda a gabashin filin, ya watsa mata irin ciyawa don kada ruwan sama ya wanke ta. Duk damina Inna sai ta je ta tsaya a bayan shingen waya ta ƙare wa tsibin kallo, ta dawo tana cewa yana nan lafiya, kamar ta je dubiya.

Saura wata huɗu a rufe ramin, ciwon baya ya kama Yaya. Likita ya ce jijjigar inji ta cinye masa ƙashin baya, kada ya sake hawa. Kamfani ya sallame shi da takardar yabo da agogon bango. Agogon bango fa! Sau uku yana dogara sanda zuwa ofis, yana roƙon in ranar cikewa ta zo a kira shi, ko a tsaye ne ya nuna yadda za a yi. Manaja ya ce ya kwantar da hankalinsa.

Sai suka ba ɗan kwangila aikin cikewa. Direban da ya kawo sauri yake yi, wani aikin na jiransa. Tsibin baƙar ƙasa shi ya fi kusa da bakin rami, don haka shi ya fara turawa. Mai gadin wurin ne ya aiko mana a rana ta biyu. Kafin mu isa an danne ta da tsakuwa, a zurfin da ya kai bene mai hawa uku. Na wanke direban nan tas, ban bar masa komai ba. Ya leƙo daga saman inji ya ce shi ƙasa aka ce ya tura, ba a gaya masa akwai babba da ƙarama ba. Yaya kuwa ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana kallo.

Ranar dubawa jami'i ya zo da farin takalmi da jakar takardu, manaja na biye da shi yana washe baki. Maƙwabta sun taru. Har da Mai Tumatir, dattijon da gonarsa ke jikin tamu, wanda aka mayar masa da tasa shekara huɗu da suka wuce, kuma har yau ƙaya kaɗai ke fita a cikinta. Filin Inna ja wur yake daga farko har ƙarshe. Amma a gindin kowane turke ga baƙar ƙasa an shimfiɗa, faɗin tabarma. A nan jami'i ya duƙa ya ɗiba ya zuba a leda.

Yaya ya ja ƙafa zuwa tsakiyar filin da fartanya, ya sara, ya sake sara. Tsakuwa ce zalla. Jami'i ya ce shi doka turaku ta ce masa, ba zai ƙara mata ba, ba zai rage ba. Na ce masa ko makaho ya taka filin nan zai san ba gona ba ce. Ya gyara tsayuwa ya ce in mai gona ba ta gamsu ba, ta ƙi sa hannu, ta kai ƙara cikin kwana ashirin da ɗaya, amma sai da shaidar wanda ya san aikin.

"Ni ne shaida," in ji Yaya. "Tifa ɗaya ta baƙar ƙasa ake ragewa, a raba wa turaku huɗu. Haka ake yi."

Mai Tumatir ya matso a hankali. "Lallai ka san aikin, ɗana. To ni tawa gonar, wa ya raba wa turakunta?"

Na juya ina jiran Yaya ya ƙaryata, sai na ga ya sunkuyar da kai. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi.

Inna ba ta ɗaga murya ba. "Gonaki nawa?"

"Bakwai, Inna."

Ya fara bayani yana in'ina. Wai manaja ne ke ba da umarni in lokaci ya ƙure, wai yana da iyali, wai ya ɗauka in ya yi ta Inna daidai zuciyarsa za ta huta. Inna ba ta tsaya ji ba. Ta ce wa jami'i ya miƙo tawada. Na damƙe hannunta, na ce kada ta kuskura, gonar Baba ce, mu kai ƙara ko ina ne.

"Sake ni," ta ce. "Mutum bakwai sun dangwala a kan aikin ɗana. Da wane baki zan je in ce tawa ce aka zalunta?"

Ta dangwala babban yatsanta. Manaja ya yi mata godiya, mara kunya, har da rusunawa.

Har yau ina jin haushin kowa. Kamfanin, da jami'in, da wanda ya zauna a ofis ya rubuta turaku huɗu kamar bai taɓa ganin gona ba. Ina jin haushin Inna da ta hukunta kanta a kan laifin da ba nata ba. Na Yaya kuwa ya fi duka, don har yanzu ni ke shafa masa magani a baya, ina shafawa ina zaginsa a zuci.

Da ruwan farko ya sauka, Inna ta fito da irin masarar gonar, wanda ta yi shekara shida tana sabuntawa a ɗan lungun bayan gida don kada ya ɓace. Yaya na zaune a tsakar gida. Ta kwance bakin buhun a gabansa, ta kira kaji ta watsa musu.