Bahagon da ke Babi na Huɗu

"Dakata, Malama. Koma baya kaɗan, ki sake karanto min wurin nan."

Malamar ta ɗago kai daga takardun da ke kan cinyarta. Da Turanci ta yi rubutun, tana karantawa tana juya masa da Hausa, shi kuma yana tsaye bakin teburin guga da zanen gado shimfiɗe a gabansa.

"Wane wuri, Baba?"

"Inda kika fara kwatanta mutumin."

Ta bi layin da yatsa. "Na ce, wani dattijo da zan sakaya sunansa, wanda ya shekara ashirin da shida yana guga a otal ɗin, kuma da hannun hagu yake aiki, ya shaida mini cewa..."

"Ya isa." Ya ɗaga dutsen guga ya kafa shi a tsaye. "To ina abin da kika sakaya?"

"Sunanka mana. Ko sunan otal ɗin ban rubuta ba."

"Masu guga nawa ne a gidan nan?"

"Kai kaɗai ne."

"To kin lulluɓa wa raƙumi zane, kin ce ba mai gane shi. Ni da ma wa ke kirana da sunan yanka? Ko Manaja sai ya buɗe takarda yake tuna shi. Bahago kowa ke ce min, har jikokina."

Gaskiyarsa ce. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu sunan ya bi shi, lokacin da aka kai shi rumfar kawunsa a bakin titi don ya koyi guga da dutsen gawayi. Kawun ya yi duka, ya yi zagi, ya taɓa ɗaure masa hannun hagun a baya da tsumma, amma da zarar ya juya sai dutsen ya koma inda ya saba. Ƙarshe ya haƙura ya ce, "Tunda kari na fita, ka yi da ƙafa ma in ka ga dama." Daga rumfar nan aka ɗauke shi aiki a wannan otal na 'yan yawon buɗe ido, aka ba shi ɗakin guga a can baya, kusa da injin wanki, mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Baƙi ba su san da shi ba, amma shi ya san su ta tufafinsu. Ya san wanda ke yawan gumi, ya san wanda ya zo da matar da ba tasa ba, ya san wanda ke cusa tawul ɗin otal a jaka. Manaja huɗu aka yi a gabansa, kuma abin da ya raba shi da kowannensu lafiya bai wuce ɗaya ba: ba ya magana.

Yana da dalili. Shekarun baya wasu mutane sun zo da takardun tambayoyi, suka ce ra'ayin ma'aikata suke son ji, kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba wanda zai sani. Wani mai wanke kwanuka ya saki baki ya faɗi nasa. Wata bai cika ba aka sallame shi, wai ya fasa faranti. Tun ranar Bahago ya riƙe cewa baki shi ke yanka wuya, kuma duk wanda ya zo maka da biro da murmushi, to akwai wanda ya aiko shi.

Shi ya sa da Malamar ta zo bara, ta ce daga jami'a take, tana binciken digiri na uku a kan rayuwar masu yi wa 'yan yawon buɗe ido hidima, ya ce mata Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da gugarsa. A otal ɗin ta sauka, a ɗakin da Manaja ya ba ta, yakan kuma hango su ta taga suna gaisawa har da dariya. Ya ce wa matarsa, "Kunnen Manaja ce, ya sa mata tabarau."

Matar ta ce, "Kai kam ko inuwarka ba ka yarda da ita ba."

Malamar ba ta yi fushi da shirunsa ba. Kullum da hantsi takan shigo ta zauna a kan bokitin da aka kife, ta ɗauki tawul tana ninkewa. Ninkin nata ba ya kyau. Sati biyu yana warwarewa bayan ta tafi, ran nan ya kasa daurewa ya ce, "Malama, a jami'ar taku ba a koyar da ninki ne?" Daga nan hira ta fara, amma ta sitaci ce da zafin dutse da irin yadin da ba ya son ruwa.

Maganar bututun kuwa rana ɗaya ta fito. A kowane ɗakin baƙi akwai ɗan kati da ke cewa otal ɗin na tace ruwan wankinsa kafin ya zubar, don kada a ɓata muhalli. Baƙi na son katin, wasu har hotonsa suke ɗauka. Injin tacewar ya shekara shida da mutuwa. Ruwan, da sabulunsa da maganin sa kaya fari, wani bututu yake bi ta ƙarƙashin katangar baya ya faɗa rafin da matan unguwa ke wanki a ciki. Gidan Bahago na gangaren rafin. Da safen ranar ya ga matarsa na shafa mai a ƙafafunta da suka yi ja suka tsattsage. Da ya iso wurin aiki Malamar ta tambaye shi lafiya, ya ce ta kunna abin ɗaukar murya na wayarta. Ya dangwala hannu a takardar da ta karanta masa, mai cewa za a ɓoye shi, ya faɗi komai. Kafin ya isa gida ya fara nadama, don magana zarar bunu ce.

Yanzu ga ta ta dawo bayan wata takwas, da babi na huɗu a hannu, wai ƙa'idar aikinsu ce a karanta wa mutum abin da aka rubuta a kansa.

"Wa zai karanta wannan?" ya tambaye ta.

"Farfesana, da masu jarrabawa mutum uku. Sai a ajiye a ɗakin karatu."

"Shi ke nan?"

Kafin ta amsa aka turo ƙofa, Manaja ya leƙo, waya a hannu, yana fifita da wani fayil saboda zafin ɗakin.

"A'a, Malama, ashe kina nan wurin mutuminki. Bahago, ba ka cika ta da surutu ba dai ko?"

"Ina na ga surutun, yallaɓai."

"Wannan ko gaisuwa sai ka roƙa. Malama, kar fa ki manta alkawarina. In kin gama littafin, kwafi ɗaya nawa ne, a teburin karɓar baƙi zan ajiye shi." Ya juya ga Bahago. "Labulen ɗaki na tara, kafin la'asar."

"An gama, yallaɓai."

Suka saurari takun takalminsa har ya ɓace. Bahago ya ɗauki dutsen ya goge gefen zanen da ya riga ya goge.

"Ban ɓoye maka don mugunta ba, Baba. Sharaɗin da ya kafa ke nan kafin ya bar ni in shigo. Yanzu nake shirin faɗa maka."

"Yanzu." Ya gyaɗa kai. "Saura shekara uku in ajiye aiki da mutuncina, Malama. Autata na aji biyar. Mai furfura irina, wa zai ɗauka in an kore ni?"

"Zan gyara. In cire hannun, in cire shekarun. In ma kana so sai in mayar da kai wani. In ce mai kula da lambu ne ya faɗa, an yarda mana mu yi haka."

"Mai lambu 'ya'yansa bakwai."

"To mai gadi."

"Shi kuma me ya yi miki? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ba maƙwabcinsa ba. Duk wanda kika liƙa wa, mutum ne mai ɗaki a gidan nan, kuma Manaja ya iya ƙirga mu da yatsunsa."

Ta ajiye biron. "To in cire maganar bututun gaba ɗaya. Kana da ikon janyewa, yana cikin takardar da ka sa wa hannu."

Abin da ya kwana takwas yana addu'ar ji ke nan tun da ta aiko cewa za ta zo, amma da ya ji shi sai bai yi masa daɗi ba. Ya dubi kwatar da ke bakin injin wanki, inda ruwan safe bai gama tsanewa ba, fari fat da kumfa.

"Ke kin taɓa ganin bututun?"

"A'a. Kai ka faɗa min."

"Wata uku kina zaune a kan bokitin nan, ba ki zagaya bayan katanga ba?"

Kunya ta kama ta, ta sunkuyar da kai tana gyara takardu.

"Gobe da hantsi ake sakin ruwan farko. Ki fita ta babbar ƙofa kamar mai shan iska, ki bi hanyar da ke gefen masu gyaran babur, za ta kai ki rafin. Ki tsaya ki gani da idonki, ki shaƙa, ki dubi ƙafafun matan. Sai ki rubuta cewa ke kika gani. Ke ba a korar ki. Ni kuwa ki bar ni da sitacina, wannan ki rubuta yadda kike so, har da hagun."

"Zai yi zargin wani ne ya nuna min."

"Ya yi ta yi. Zargi daban, takarda daban. Rafi ba a aljihuna yake ba, kowa na wucewa ta wurin."

Ta ɗauki biron ta ja layi a kan sakin layin, daga sama har ƙasa. Ya miƙa hannu, ta zare shafin ta ba shi. Ya juya shi gaba da baya, ko da yake ba ya karanta Turanci, ya ninke shi huɗu, gefe na haɗuwa da gefe, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Muryar fa?"

"Zan goge a gabanka." Ta ciro waya ta danna, ta nuna masa. Sannan ta ce, "Akwai kwafi a kwamfutata a makaranta. Shi sai na koma."

"Sai kin koma."

"Wallahi zan goge, Baba."

Ya dube ta. Yarinya ce sa'ar babbar 'yarsa, idonta ya yi rau-rau, kuma da ta so ai da ba ta ambaci kwamfutar ba. Amma mutanen da suka zo wa mai wanke kwanuka su ma sun rantse. Ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin wata na'ura a wani ofis da bai taɓa shiga ba, kuma ya san haka zai zauna da abin har ranar da littafin zai sauka a teburin karɓar baƙi.

"Allah ya ba ki iko," ya ce. "In kin je rafin, kar ki gaishe da matata. Ba ki san ta ba."

Ya zare filogin dutsen, ya ninke zanen ya ɗora a kan 'yan'uwansa. Sannan ya saɓa ƙaramin tsani a kafaɗa, ya bi ta gabanta ya fita, ya nufi ɗaki na tara don sauko da labule.