Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, kuma tun ina shekara huɗu shan-inna ya naɗe mini ƙafafu. Da hannu nake tafiya, ina jan sauran jikin. Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, tafiyar awa ɗaya a mota zuwa birnin Sinnar. Da hantsi kowa ya watse zuwa gonar auduga, sai a bar ni da kaji da inuwar darbejiya. Na san ƙarar kowace ƙofa a unguwarmu, amma kasuwar garinmu sau biyu na taɓa ganinta.

Wata shekara da damina aka yi shela cewa mahaliyya, wato hukumar gari, ta ware kuɗi don ɗakin shan magani da kuma naƙasassu. Guragu za a ba su keke mai ƙafa uku, wanda ake murzawa da hannu. Za a rubuta sunaye a makarantar firamare, ƙetaren tur'a. Ranar rubutun, taɓo ya kai gwiwa, ko jaki bai yarda ya shiga ba, balle ni. Baba ya daɗe da rasuwa, ƙannena suna ci-rani. Sai Inna ta yafa mayafi ta tafi a madadina.

Ta dawo da la'asar, na tambaye ta, ta ce, "An yi." Ta wuce madafa.

Wata biyar ina murza keken nan a zuciyata. Na shirya inda zan fara zuwa: kasuwa, sannan bakin kogi, sannan gidan ƙawata da ta yi aure a ƙauyen gaba, wadda ko ɗakinta ban sani ba. Ranar da motar ta iso da kekuna na yi wanka, na sa lalle, na zauna a ƙofar gida tun safe. Kekuna uku suka wuce ta gabana. Har rana ta faɗi ba wanda ya aiko a kira ni.

A nan Inna ta faɗa mini gaskiya, idonta a kan murhu. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce da muka taho da ita tun daga ƙasarmu ta asali can yamma, kakanni ba su yar da ita a hanya ba. Ni tun tasowata "Ke" nake ji daga bakinta, ko "wagga ɗiya". To, mai rubutun Balarabiya ce daga birni, ba ta san wannan ba. Ta ce, "Sunanta?" Inna ta ce babbar ɗiyar gidan ce. Ta sake tambaya. Inna ta waiga neman wadda za ta faɗa mata, alhali ita ce ta ƙarshe a layi, matan unguwa duk sun gudu saboda hadari. Takardar haihuwa ba ni da ita, rubutu kuma Inna ba ta iya ba. Matar ta ce wace uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba, ta rufe littafi.

Wallahi raina ya ɓaci irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce, "Inna, kunyarki ta fi ƙafata ke nan? Ki ci kunyar, ni in ci ƙasa." Kwana tara ban yi mata magana ba, muna kwana ɗaki ɗaya. Ta ajiye mini shayi, in bari sai ya huce.

Ran na goma ta tsayar da mota a bakin titi, aka ɗora ni a baya tare da buhunan albasa, muka tafi Sinnar. Ofishin mahaliyyar yana da matakala shida, na hau su da tafin hannu, mutane suna matsawa suna kawar da kai. Wani ma'aikaci mai furfura ya ɗauki alƙalami ya ce, "Sunan mai buƙata?"

Na buɗe baki ke nan, Inna ta riga ni. Ta faɗi sunana. Muryarta ta sarƙe, ta gyara, ta sake faɗa da ƙarfi har na bakin ƙofa suka juyo. Mayafinta ta ja ta rufe fuska. Shekarata talatin da biyu a lokacin, ban taɓa sanin yadda sunan yake a bakinta ba.

Mutumin ya rubuta. Sannan ya ce, cikin ladabi, kason bana ya ƙare, sai in mahaliyya ta sake warewa baɗi. Ba a sake ba.

A hanyar dawowa ta riƙe mini gefen riga kada in zame. Da muka isa gida ta ce, "Ke, ga ruwa," kamar kullum.

Inna ta rasu shekara biyu bayan haka. Har yau da hannu nake tafiya, kasuwa kuma na ƙara ganinta sau ɗaya. Da hantsi idan unguwa ta yi tsit, ina zaune gindin darbejiya, nakan faɗi sunan da kaina yadda ta faɗe shi, har da sarƙewar. Sau biyu kacal ta kira, kuma ban amsa ba, don ba ni take kira ba, mai alƙalami take faɗa wa.