Baba da Kapiten na Cikin Tele

Shekarar da kogin Yamai ya janye har mutane suna tsallaka shi da ƙafa, a lokacin ne Baba ya zo gidanmu a Harobanda. Daga arewacin Tawa ya fito, da sandarsa da buta. Fari ya cinye masa shanu kaf. An ba shi shawara ya sayar tun suna da nama, ya ƙi, ya kora su zuwa wani tafki da ya sani tun yana saurayi, ya tarar da shi ya bushe. Wannan labarin daga bakin wasu na ji shi. Shi kam ya daina magana, sai gaisuwa da salla, tuwo ma sai na tsaya a kansa. Zama gidan suruki ya ƙara masa ciwo. Ni tsorona ɗaya ne, kada baƙin ciki ya kashe mini uba ina kallo.

Muna da 'yar tele mai baƙi da fari, maigidana ya sayo ta da ya samu aikin biro, wato na ofis. Bayan labarai, inda kullum sai an nuna soja suna raba buhunan hatsi, akan sa wasanni kala biyu. Akwai na barkwanci, wanda wasu mutane da ba a gani suke ta ƙyaƙyata dariya a bayansa, akwai kuma na mutanen da ke yawo cikin jirgi tsakanin taurari. Ni na jirgin nake so. Maigidana kuwa ya tsane shi, wai ƙarya ce tsagwaronta, kuma masu kaki sun ishe shi a ƙasa, ba sai an kai masa su sama ba. Ni ma ban raga wa nasa ba, na ce wasan da sai an taya ka dariya ai bai da gishiri. Zuwan Baba ya kashe gardamar, don maigidana ba ya iya dariya gaban surukinsa. Sai ya toshe baki da hula, in abin ya ci ƙarfinsa ya fice waje, mu jiyo shi yana tari.

Wata rana jirgin ya sauka a wata duniya, ina cikin kallo sai na ji muryar Baba daga tabarmarsa: "Ke, tambaye su, akwai ciyawa a wurin?"

Na kusa yin kuka don murna. Daga ranar na zama mai fassara, tunda Baba ba ya jin Faransanci. A wurinsa mutanen nan makiyaya ne da suka rasa ƙasarsu. Kapiten ɗinsu ya shiga ransa, yana yabon haƙurinsa, yana kuma yi masa faɗa in ya yi gaggawa. Wasan barkwanci kuwa ya ce na ƙoshi ne. Har da maigidana suka fara gardama, ta bakina, kowa na kallon wani gefe. Baba ya koma cin tuwo, har yana neman ƙari.

Sai aka zo inda ruwan jirgin ya ƙare. Kapiten ya ce ya san wata duniya mai ruwa, mataimakinsa ya roƙe shi kada su je, ya ƙi ji. Suka tarar da rairayi, mutanensa da yawa suka mutu, har da mataimakin. Duk da haka Baba ya ci gaba da zuwa kallo, ina jin yana son ya ga yadda mutum ke rayuwa bayan irin wannan.

Gidan tele ba su da kaset da yawa, in sun ƙare sai su koma baya. Mu mun saba, ba mu ma lura. Ran nan sai ga mataimakin a tsaye da ransa, yana roƙon kapiten. Baba ya miƙe zaune, fuskarsa ta yi wani haske da rabona da ganinsa tun ina yarinya. Ya ce ashe an mayar wa kapiten da mutanensa, an sake ba shi dama.

Na ce, "Baba, maimaici ne. Abin da ya faru shi zai sake faruwa."

"Ko da ya riga ya gani?"

"Bai san ya gani ba, Baba."

Ya zuba wa telen ido har jirgin ya fara sauka. A hankali ya ce, "Ni ma an gaya mini." Ya ɗauki butarsa ya shiga ɗaki. Maigidana ya tashi ya kashe telen.

Baba bai sake zama wurin kallo ba, tuwon ma ya koma tura shi gefe. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Bayan sadakar arba'in maigidana ya kunna mini wasan jirgin da kansa, shi da ya tsane shi, don ya faranta mini. Suna sauka a wata duniya na ji kaina ina duba ko akwai ciyawa, sai na ce ya mayar da telen kwalinta.