Azumin da Mijina Ya Saki Hannu

Mutanen unguwarmu ta Harra ta Gabas a Madina har yau suna ba da labarin yadda mijina ya daina rowa, kuma in suna bayarwa sai fuskarsu ta washe kamar su aka yi wa kyautar. Ni ma nakan yi murmushi in an zo wurin, don kada a ce matar ba ta da godiya. Amma ni na soya ƙosan wannan tuba, kuma ina da nawa labarin.

Mijina tela ne a kasuwar Sultana. Shagon da sunan kafili yake, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, amma shi ke juya shi, da ma'aikata a ƙarƙashinsa, kuma in azumi ya doso har mayar da ɗinki yake yi saboda yawa. Ba babu ba ce ta dame mu. Akwai, hannun ne ba ya buɗuwa. Mutumin da ke ɗinka wa Larabawa tob fari ƙal, doguwar rigar nan tasu, shi guda ɗaya yake sawa, wuyanta ya sha faci har ya gaji, launinta ya koma na ruwan shinkafa. A gida ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki sai an yi baƙo, mu kuma ba ma yin baƙi. Wanda ya san yadda baƙaƙen duwatsun Harra ke riƙe zafin rana ya san abin da nake faɗa. Zani nake jiƙawa in lulluɓa.

Azumi shi ne watan da ya fi so, don ba a ɗora tukunya. A Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gidajen Madina suna shimfiɗa sufura, wato doguwar leda a ƙasa, a jera dabino da laban, nonon nan nasu, da burodi, kowane gida da wurinsa tun iyaye da kakanni. Kuma ba sa jira ka zo da kanka. Tsayawa suke a hanya su kama hannunka, su ja ka, suna haɗa ka da Allah ka sha ruwa a tasu. Mijina ba a taɓa wahalar jansa ba. Sufurar wani dattijon Balarabe ya riƙe, kowace shekara ya zauna daidai gabansa, in an tashi sallah ana naɗe leda ya tattara abin da ya rage a jaka ya kawo mini. Da shi muke sahur, da ragowarsa nake buɗa baki washegari.

Duk wannan na iya da shi. Abu ɗaya nake nema a wurinsa, in je gida in ga Inna. Tana Katsina wajen ƙanena, idonta yana tafiya a hankali. Likita ya ce ba yanar da ake cirewa ba ce, irin wanda ke rufewa daga gefe ne har ya haɗe a tsakiya. In ƙanena ya kunna mana bidiyo a waya ba ta ganin komai sai haske, ta ce fuska sai an matso dab da ita take ganewa. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa cewa tana kewata ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "Ke, in za ki zo, ki zo tun ina gani."

Tun da aka kawo ni Madina ban koma ba. Bizar fita da dawowa a hannunsa take, kuɗin jirgi a aljihunsa. In na yi magana ya ce, "Bana dai ba hali, sai baɗi in Allah ya kai mu." Na ji baɗin nan har na haddace inda yake jan numfashi a cikinta. Daga baya na daina tambaya. Gajiya na yi.

A farkon azumin shekarar da nake faɗa, ya dawo gida ba jakar ragowar burodi. Wata leda ce mai tsabta a hannunsa. Ya ajiye ta a tsakar ɗaki, ya zauna yana kallonta kamar maciji ne a ciki.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Sai ya ba ni labari. Ashe dattijon mai sufura ya rasu kafin watan ya kama, ɗansa ne ya zauna a wurinsa. Da mijina ya zo, ɗan ya miƙe ya sumbaci kansa, ya ce mahaifinsa ya bar wasiyya a kansa. Wai akwai wani miskini Takaruni, sunan da suke kiran mutanenmu na Afirka ta Yamma, da ya shekara da shekaru yana zama gabansa da riga ɗaya, yana kwashe ragowar burodi don iyalinsa, kuma bai taɓa roƙon kowa ba. Wai ya so ya taimake shi yana jin nauyin kunyata shi. To in ya mutu, a riƙa ɗinka wa bawan Allahn nan sabuwar riga kowane azumi, a kuma bar masa wurinsa. Ɗan ya faɗi wannan da hawaye, ya miƙa masa ledar. A gefe kuma ga ma'aikatan shagonsa zaune, ga wasu 'yan unguwarmu, duk sun ji, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon dabinonsa.

Ya zaro rigar, ya juya wuyanta yadda teloli suke yi. Ya ce, "Ɗinkin ma bai kai nawa ba." Sai hawaye suka zubo masa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko ranar da aka aiko masa da rasuwar mahaifinsa bai yi kuka ba.

Ya ce, "Mutumin nan ya je kabari yana tausayina. In an tashe mu ya ga abin da na tara, me zan ce masa?"

Ina da amsoshi da yawa, ba wadda ta dace da watan azumi.

Washegari ya shigo da buhun wake da gero da jarkar mai, ɗan dako na biye da shi. Ya ce zai shimfiɗa tasa sufurar a ƙofar ƙaramin masallacin unguwa, kuma ba dabino da laban kaɗai ba, abincin gida za a yi, kunun tsamiya da ƙosai, don mutanenmu da ke aikin gini da shara sun yi kewarsa. Ya faɗi haka fuskarsa na sheƙi. Bai tambayi wa zai surfa waken ba, don ya sani.

Tagar kicin ɗina tana kallon masallacin, don haka na ga ranar farko da idona. Ya sa rigar wasiyya, ya jera komai, ya tsaya a gefe ya harɗe hannu. Mutane suna zuwa su kalli ƙosai, su kalle shi, su wuce. Wani Bacadiye mai aikin filasta ya tsaya ya ce, "Malam, kofi nawa ne? Gara in ji tun ban sha ba." Aka yi dariya. Rana tana faɗuwa, ledar ba kowa. Mutumin da aka yi shekaru ana jan hannunsa bai taɓa lura da yadda ake yi ba. Sai da ladan ya fara gyaran murya sannan na ga ya zabura, ya cafki hannun Bacadiyen nan da hannu biyu, yana cewa, "Don Allah, don Annabi, zauna. Tafaddal, bismillah." Har ya kusa kayar da shi. Da mutum ɗaya ya zauna, saura suka biyo.

Ba zan ƙi gaskiya ba, na ji daɗi. Na tsaya da matsami a hannu ina share ido da gefen mayafi. A ranar ya kunna na'urar sanyi da kansa, ya bar ta tana ta aiki ba baƙo a gidan.

Daga nan abin ya zama kamar an fasa famfo. Ya ƙara wa ma'aikatansa albashi. Ya biya wa wani ɗan Maraɗi kuɗin sabunta iƙama, takardar zaman ƙasa. Ya ɗinka wa marayun unguwa kayan sallah. Sufura kullum sai ta ƙara tsawo, yana tare mutane tun daga bakin titi, ya ƙware a jan hannu har ya fi Larabawan. Liman ya yi wa'azi a kan masu tuba daga rowa, bai kama suna ba, amma kowa ya juya ya kalle shi.

Ni kuma ina kicin. In na idar da asuba in jiƙa wake, in surfa, in wanke, in markaɗa, in dama kunu a tukunyar da sai na taka kujera nake ganin cikinta. Daga azahar zuwa faɗuwar rana ina gaban mai, da azumi a bakina, a zafin Madina. Mai ya fallatsar mini a hannu har na daina sa magani. Mata suna shigowa suna cewa, "Kin ji daɗi, Allah ya karɓi addu'arki." In ce musu alhamdulillah, in miƙa musu wuƙa su taya ni yanka albasa, sai su tuna sun bar wani abu a wuta.

Ina jira. Na ce a raina, wannan karon ba zan roƙa ba. Mutumin da ke bin baƙo har titi yana haɗa shi da Allah ya karɓa, ai zai waiwayo ya tuna abin da matarsa ta yi shekaru tana nema. Kullum in ya shigo bayan tarawi yana ba ni labarin wanda ya taimaka wa yau, sai in tsaya da wanke-wanke in saurara, ko sunan Inna zai fito. Bai fito ba. A tsakiyar watan ƙanena ya kira ya ce abin da ya rage mata kaɗan ne, kamar mai leƙe ta ramin makulli.

A cikin goman ƙarshe, wata rana ban jiƙa wake ba. Ban yi fushi ba, ban yi niyyar komai ba, hannuna ne ya ƙi. Na shimfiɗa tabarma a kicin na zauna. Bayan la'asar ya shigo da sauri ya ga tukwane a kife.

Ya ce, "Ba wuta? Ba ki da lafiya ne?"

Na ce, "Lafiyata lau, Malam. Zama nake."

"Mutane fa za su zo."

"Su zo."

Ya tsaya yana kallona. Na ce, "Ka tuna da ɗan Maraɗi, ka tuna da marayu, ka tuna da wanda ba ka san sunansa ba. Idon Inna ya kusa rufewa. Yaushe baɗin taka za ta zo?"

Wallahi mamaki na gani a fuskarsa, kuma shi ya fi komai yi mini ciwo. Ya ce, "Ai kin daɗe ba ki yi maganar ba. Na ɗauka an samu sauƙi."

Na ce, "Ba sauƙi aka samu ba. Ni ce na gaji da tambaya."

Ya zauna a bakin ƙofa da sabuwar rigarsa, a kan garin gero. Sannan ya tashi ya fita, ranar shinkafar gidan abinci aka ci a sufura. Da safe ya fara neman takarduna.

Ya yi ƙoƙari, wannan kam na shaida. Amma iƙamata ta kusa mutuwa, sai an sabunta ta kafin a ba da biza, kafili kuma ya yi tafiyar sallah, ofisoshi sun rufe hutu. Na ga mijina yana zarya a rana, yana roƙo a waya da Larabcin da ban san ya iya ba. Sai da sallah ta wuce da 'yan makonni sannan na hau jirgi, da akwatin dabino da Zamzam da atamfofin da ya saya wa kowa har da maƙwabtan Inna.

Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance. Na yi sallama ta amsa, ta juyo da fuska wajen muryata, amma idon ya sauka gefe kaɗan, a kan ƙanena. Na durƙusa na matso dab da ita yadda ta ce a riƙa yi. Na ƙara matsowa har ina jin numfashinta. Ƙanena ya ce a hankali, "Tun wajen sallah idon ya rufe, Yaya. Ita ta hana a faɗa miki."

Ta lalubo hannuwana ta riƙe. Yatsunta suka bi tabon mai ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambaya ba. Ta ɗago ta shafa goshina, da kumatuna, da gefen bakina.

Ta ce, "'Yar nan, kin tsufa."

Na ce, "Na tsufa, Inna."

"An ce mijinki ya zama mai kyauta, har nan labari ya zo. Allah ya yi masa albarka da ya bar ki kika taho."

Na ce amin, don ba abin da zan ce da ya wuce haka.

Ba ta ɗauke hannunta daga fuskata ba. Can ta ce, "Da can mutane suna cewa kina kama da ni. Har yanzu?"

Na dube ta da kyau, tunda ni ina da idon dubawa. Na ce, "Har yanzu, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta ce wa ƙanena ya kawo mini ruwa na sha hanya. Ba ta saki hannuna ba, sai da hagu na karɓi kofin.