Malama Hilda da Ruwan Tumfure

Kullum kafin maigadi ya gama shara, Malama Hilda ta jingine kekenta a gindin dalbejiyar ofishin gona. Daga Jekadafari take tasowa. Ta fiƙe fensir uku, ta goge rula da bakin zane, sannan ta gaida mutane. Tun shekarar samun 'yanci haka take, tana mayar da lissafin ruwan sama da na auduga zane mai hawa da sauka, yadda ko wanda bai yi boko ba zai gane.

Da kuɗin fetur suka shigo, aka daina zane da rular. Aka ba ta injin huda kati, tana huda lissafin a jikin kati, ana kai katunan Zariya, kwamfuta ta zano, a dawo da takardun bayan mako biyu. Ba ta yi gunaguni ba. Ta zauna ta koyi karanta umarnin da ake rubuta wa na'urar, layi bayan layi.

A daminar bara, zanen ruwan Tumfure ya riƙa fitowa daidai da na Barunde, wata uku a jere. Su biyun kaɗai ake zanawa a takarda guda. Manaja ya ce ai magana ta fito: Baba Ɗantala, mai duba ma'aunin ruwa a Tumfure, ya daina zuwa gona, kwafa yake daga abokin aikinsa na Barunde. Aka buga takardar sallama.

Tsohon ya same ta, hularsa a hannu.

"Malama, shekara goma sha shida ina tsoma ƙafa a taɓon nan. Yau ni ne maƙaryaci?"

"Zauna, Baba. Kai da ko goro ba ka iya ɓoyewa a kumatu, ina kai ina ƙarya?"

Ta shiga wurin manaja ta roƙi mako biyu.

"Hilda, na'ura ba ta kuskure," in ji shi.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma mutum ne ya gaya mata inda za ta ɗebo."

Abin da ta yi kaɗan ne. Ta juya jerin katunan, ta sa Tumfure gaba, Barunde baya, ta ba direban da ke kai su Zariya. Kwana goma sha huɗu Baba Ɗantala yana zuwa ya zauna a benci. Da takardun suka dawo, sai ga Barunde ta fito da ruwan Tumfure.

Ta bi umarnin da bakin fensir har ta kai wurin kuskuren. Ta yi wa manaja bayani da abin da ya sani: kowane ɗaki ya kamata ya sha daga tulunsa, amma sashen umarnin da ke yin zane ba a ba shi tulu ba, daga randar tsakar gida yake kamfata, kuma wanda ya riga zubawa shi ke cikinta. Kati biyu aka sake hudawa. Manaja ya yaga takardar sallamar, bai dubi kowa ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Billiri. Tun yanzu ofishin ya fara yi mana faɗi.

Ke ce, Malama, mai bin layi har gindinsa. Ke ce kika ƙi yarda a ba inji gaskiya a hana tsoho. Wasunmu da muka baro aji da wuri, in mun ga yadda kike karanta takarda, sai mu ji kewar allon da muka gudu muka bari.

Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, in takarda ta kira mutum maƙaryaci, ku tuhumi takardar tukuna. Jiya Baba Ɗantala ya kawo lissafin makon nan, ya tsaya a ƙofarta ya ce, "To Malama, wata mai zuwa wa zan miƙa wa?"