Ranar da Na Cire Takalmi a Kan Babur

Shekarar da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan aka ƙara wa ma'aikata albashi, ni ma na sayi babur. Ƙaramin malamin gona ne ni a Roni. Firamare kawai na gama, aikina raba irin gyaɗa da takin zamani a ƙauyuka, wani lokaci har Gwiwa, wani lokaci a tura ni Babura. Kafin nan a keke nake yi. Da na hau babur sai na ga kamar girmana ya ƙaru, kuma na so kowa ya gani.

An haɗo min da hular kwano, sau ɗaya na sa ta. Na ratsa kasuwa ba wanda ya gane ni, wani ma ya ce baƙo ne daga Kano. Ina dawowa gida na jefa ta bayan rumbu, na ɗauko hulata kube. Ba a jima ba kazar matata ta same ta, ta mai da ita wurin ƙwai.

Ba na musu, masu mota sun wahalar da mu a zamanin nan. Hanya burji ce, siririya, mai mota kuwa tsakiya yake bi. In ya hango ka ba zai rage gudu ba, sai dai ya danna oda, kai kuma ka nemi ƙaya ko rami ka faɗa. Na san waɗanda suka rasa ƙafa a haka, na san wanda ya rasa ransa. Shi ya sa in mota ta bugi babur ba a tambayar yadda aka yi. Kowa ya riga ya san mai laifi.

Akwai wata a-kori-kura da take jigila tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa. Motar ta wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a Kazaure, direbanta kuwa wani Babarbare ne, dogo, mai yawan dariya. Ya taɓa watsa min ruwan kwatami da damina, ina sanye da farar riga. Ya leƙo ya ce, "Yi haƙuri Malam, ai taki ne, kai ka san amfaninsa!" Fasinjoji suka yi dariya. Na riƙe abin a raina.

Sai kuma surukina. Bafulatani ne, dattijo, yana zaune da shanunsa a wata ruga kusa da Gwiwa. Baffa nake ce masa, ko da yake ban taɓa faɗar haka a gabansa ba, don ban taɓa tsayawa a gabansa har na kai ga magana ba. Kunyar da ke tsakaninmu mai ƙarfi ce. In na hango shi a kasuwa, lungu nake nema. In babu lungu, na cire takalmi na tsuguna, idona a ƙasa, shi ma ya kau da kai ya amsa gaisuwa kamar da iska yake magana. Cin abinci a gabansa kuwa, ko ruwa, ba ya ma cikin abin da za a yi tunani.

Ranar da abin ya faru, daga Kazaure nake dawowa da hantsi. Na sayi rake a bakin fadama. Mai hankali zai ɗaure shi a baya ya kai gida. Ni kuwa na karya guntu na riƙe a hannun hagu, ina tuƙi da dama, ina ɓare ɓawo da haƙori ina tofarwa. Ruwan rake yana bin gemuna, ina jin daɗin duniya.

Sai ga a-kori-kurar nan ta taho daga Roni. Ta matso har ina ganin waɗanda ke gaba. Kusa da direba, ga malafa, ga sanda a tsaye tsakanin gwiwoyi. Baffa ne.

Ban yi shawara da kaina ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Na cusa raken cikin wuyan riga. Na sunkuyar da kai. Ƙafata ta dama, ba tare da na ce mata komai ba, ta zame takalminta ta yar a hanya. Idona kuma ya shiga neman lungu, ya hango wata 'yar hanyar ƙafa da ta shiga gonar rake. Matsalar ɗaya ce, hanyar tana wancan ɓangaren. Na karya kan babur na ratsa gaban mota.

Da na ji ƙarar oda na nemi birki. Birkin ƙafar dama ne, ƙafar kuwa babu takalmi, ga ta jiƙe da gumi. Ta sulluɓe. Direban ya murɗe sitiyari iya ƙarfinsa har motar ta hau kunya a gonar wani, amma duk da haka gefenta ya taɓa ni ta baya. Na tashi sama, na sauka a laka, babur ya sauka a kan ƙafata.

Kafin na gama salati mutane sun taru daga fadama, wasu da fartanya a hannu.

"Sun sake! Wallahi masu motar nan sai sun ƙarar da mu!"

"Ku riƙe shi kada ya gudu!"

Direban yana rantsuwa yana cewa ni na shigo masa, ba mai saurarensa. Wani ya juya wurin Baffa ya ce, "Baba, kai kana gaba, me ka gani?" Baffa ya ce shi idonsa yana ƙasa. Aka tambaye ni. A nan ya kamata in buɗe baki. Sai na rufe ido na yi nishi mai ƙarfi, nishin kuma ya zama shaida.

Aka kai ni gida, mai ɗori ya zo ya ja ƙafar har na kira sunan kakata, ya ɗaure ta da kara. Aka shimfiɗa min tabarma a zaure saboda masu dubiya. Labari ya iso cewa Alhaji ya karɓe makullin mota daga hannun direban, ya ce ba zai bar mai kashe ma'aikatan gwamnati ya ja masa fitina ba. Ya ba wani ɗan ƙanwarsa. Direban yana da mata da 'ya'ya da tsohuwar uwa, kuma ba wanda zai sake ba shi mota a tashar Kazaure bayan irin wannan suna.

Na ji, na kuma yi shiru. Gaskiya jinyar ta yi min daɗi. Ana kawo fura, ana kawo kaji, kowa ya zauna sai ya ce in ba shi labari. Da farko cewa nake mota ta taho da gudu. Daga baya ta zama tana tangaɗi. Da tafiya ta yi nisa har na fara ganin direban yana dariya lokacin da ya nufo ni. Matata ce kaɗai ba ta cewa komai. Ita ta wanke rigar, ita ta ciro guntun rake daga ciki. Ta tambaye ni sau ɗaya ina ɗaya takalmin, na ce mota ta cinye shi.

Abin da ya fi damuna yanzu in na tuna shi ne ranar da direban ya zo dubiya. A ƙasa ya tako daga bakin hanya, ya rame, da ɗan ƙunshin goro a hannu. Ya tsuguna a bakin zaure ya ce, "Sannu Malam, ya jiki? Allah ya sawwaƙe." Sannan ya ce a hankali, "Malam, kai ka san yadda aka yi." Na juya fuska bango na ce ƙafa tana zugi. Ya ajiye goron ya tafi. Goron kuwa na ci.

Wata ranar kasuwar Roni bayan la'asar, masu dubiya sun watse, sai na ji sallama a waje, muryar da ban taɓa ji a ƙofar gidana ba, muryar Baffa. Na nemi tashi in gudu, ƙafa ta hana. Baffa bai shigo ba. Ya zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida, inda nake ɗaure ragon da nake kiwo saboda layya. Ta ƙofar zaure ina hango bayansa. Ya shafa wuyan ragon, ya duba haƙoransa, sannan ya fara yi masa magana da ƙarfin da zan ji.

"Kai rago, ka yi ƙiba. Gidan nan ana ci da kyau."

Rago ya ci gaba da tuƙa.

"Rannan an tambaye ni abin da na gani, na ce idona yana ƙasa. Ban yi ƙarya ba, a ƙasan yake. Shi ya sa na ga takalmi. Takalmin nan, rago, ya riga mai shi sauka. Yana zaune a hanya lafiya lau, tun mota ba ta iso ba."

Ya zaro takalmina daga jakar fatarsa ya ajiye gaban ragon. Ragon ya shinshina.

"Ni dai na tsufa, ban san abin zamani ba. Amma a wurinmu in za a gai da babba, sai an sauko daga kan jaki tukuna. In kuma mutum yana shan rake, ya sha abinsa. Ban taɓa jin wanda rake ya kashe wa aure ba."

Na ji matata a bayan ƙofar cikin gida tana ƙoƙarin danne dariya. Ni kuwa na ja bargo har ka.

"Babarbaren nan kuma," in ji Baffa, "bawana ne tun kakanni. Ba wanda yake da ikon cin zalinsa sai ni. Yaransa suna kwana da yunwa. Ka gaya wa mutanen gidan nan, in kana ganinsu."

Ya miƙe, ya yi wa rago sallama, ya tafi. Matata ta fito ta ɗauko takalmin, ta kaɗe shi, ta ajiye kusa da kaina.

"Mota ta amayo shi," ta ce.

Washegari na sa aka ɗauke ni aka kai bakin hanya. Ba wata mota sai ita a-kori-kurar, da sabon direbanta. Aka kwantar da ni a baya kan buhunan gero. Ɗan ƙanwar Alhajin nan bai bar rami ko ɗaya ba tsakanin Roni da Kazaure, duk sai da ya gaisa da su. Ya kori masu babur biyu cikin jeji, ya kusa kwashe wata mai tallan nono. Kowace girgiza sai na ji ta a karaya. Kafin mu isa na tuba fiye da yadda na yi niyya.

Alhaji yana rumfarsa a bakin tasha, cikin buhuna da jama'a. Na so mu keɓe, amma mutumin da aka ɗauko a hannu aka ajiye a benci ba ya zaɓar wuri. Aka kira tsohon direban, wanda a lokacin dako yake yi a tashar. Na ce, "Ranka ya daɗe, na zo in gyara magana." Na faɗi komai, tun daga rake.

Alhaji ya ce, "Dakata. Kana tuƙi kana shan rake?"

"Ina sha, ranka ya daɗe."

"Sannan ka cire takalmi?"

"Ƙafar ce ta cire."

"Kana kan babur ɗin?"

"Surukina ne a gaban mota, ranka ya daɗe."

Wani tsoho mai awo ya gyaɗa kai ya ce, "To ai yaron yana da tarbiyya." Nan tasha ta fashe da dariya, har da masu dako. Alhaji ya share hawaye da hannun riga, ya kira ɗan ƙanwarsa ya karɓi makulli, ya miƙa wa Babarbaren. Ya ce masa ya yi haƙuri. Ni ma na ce ya yafe min, ban iya kallon idonsa ba.

Direban ya jujjuya makullin a hannu. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ranar da na zo gidanka, kuɗin goron nan rance na yi." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya ce, "Na yafe. Tashi in mai da kai gida, kafin ka ga wani surukin."

Shi ya mai da ni Roni, a gaba, ƙafata a miƙe kan tsumma. Bai faɗa rami ko ɗaya ba.

Da na warke na je bayan rumbu neman hular kwano. Kaza tana kwance a ciki kan ƙwai, matata ta ce ba mai taɓa ta sai ta ƙyanƙyashe. Na jira. Na wanke ta da toka, amma har ta tsufa ba ta daina warin kaji ba, kuma kullum na sa ta sai an gane ni, don duk ƙasar Roni an san labarin. Na daina cin komai a kan babur. Na koma sa takalmi mai igiya.

Direban kuwa ya ɗauki wata ɗabi'a da bai bari ba har ya daina tuƙi. Duk ranar da ya ɗauko Baffa, da ya hango ni daga nesa sai ya rage gudu, ya danna oda, ya fito da kai ta taga ya ƙwala ihu, "Malam! Yana ciki!" Ni kuma in gangara gefe, in kashe babur, in kafe shi, in kwance igiyar takalmi, in tsuguna. Motar ta wuce a hankali, fasinjoji suna dariya, Baffa yana kallon ɗaya ɓangaren.

Wani lokaci sai motar ta wuce in ɗaga kai in ga ba kowa a gaba sai buhun albasa. Ban taɓa yi masa ƙorafi ba.